Keken Ɗinkin Iyayenmu Ba Gwangwan Ba Ne

Bayan girbin bara na je gida Ƙofa gaisuwa. Da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida sai ga ɗan gwangwan ya turo baro yana kiran a fito da tsohon ƙarfe. A cikin baron akwai fasassun tukwane da bakin garma da sarƙar babur, a samansu kuma an kifa kan keken ɗinki baƙi, da sauran zanen ruwan zinariya a wuyansa. Ban tambayi kowa na wane ne ba. Na san tabon da ke gefen wilinsa, domin a gabana aka yi shi ina yaro, ranar da keken ya zamo daga kan amalanke ana ƙaura. Keken Goggo ne, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta.

Mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar, babu gona mai yawa, babu albashi. Da wannan keken ta ciyar da su, ta sa uku a makaranta, ta yi wa mata biyu kayan ɗaki. In goman ƙarshe ta azumi ta shiga, da ƙararsa unguwarmu take kwana, ita tana takawa a gaban fitilar ƙwai, mu yara muna leƙe ta taga ko an zo kan kayan sallarmu. Ba ta taɓa tsayawa ƙofar wani da ƙoƙon bara ba.

Na sa aka kira jikanta da ya sayar. Na ce, "Kai, me ya kai ka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ai ya mutu. Shekara shida ba ya motsi, cin wuri kawai yake a ɗaki." Na ce nawa aka ba ka. Kuɗin da ya faɗa ba zai sayi kwano biyu na shinkafa ba. An ɗora abin da ya riƙe gida fiye da shekara talatin a kan sikeli, an auna shi da kilo kamar yadda ake auna murfin tukunya. Na biya ɗan gwangwan ninkin abin da ya bayar, na sauke keken da hannuna. Tun ranar raina yake a ɓace, kuma ba da yaron nake fushi ba. Da mu nake, manyan da muka rene shi ba mu taɓa gaya masa mene ne a ɗakin kakarsa ba.

Washegari na ɗora kan keken a babur na kai shi Kankia wurin wani dattijo mai gyaran keken ɗinki, wanda ya haura saba'in. Ya juya wilin, ya ƙi. Ya kwantar da keken ya duba cikinsa, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ya mutu? Barci yake. Man gyaɗa aka zuba masa, shi ne ya daskare." Na ce, "Baba, zai tashi?" Ya ce in dawo jibi.

Ban tafi ba, na zauna ina kallo, kuma ina so mai karatu ya ji abin da na gani, don ya san ƙanƙantar aikin da muke jefar da dukiya saboda shi. Ya ɗiga kananzir a kowace gaɓa mai motsi, ya bar shi ya kwana ya jiƙa tsohon man da ya zama kamar ƙaro. Da safe wilin ya fara juyawa. Ya cire farantin da ke ƙarƙashin allura, ya tono dunƙulen auduga da ƙura da suka cushe haƙoran da ke jan yadi. Ya goge tsatsa, ya zuba man keke na ainihi, ɗigo ɗaya a kowane rami. Ya kwance notin da ke matse zaren sama ya wanke faifansa. Sannan ya zo kan abin da ya kira ran keke, wato haɗuwar allura da ƙugiya.

Ga yadda abin yake. Allurar keke a bakinta take da kafa. Tana huda yadi ta sauka da zaren sama, in ta fara ɗagowa sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta. A daidai wannan ƙiftawar ƙugiyar da ke ƙasa take zuwa ta cafki zaren, ta zagaya da shi ta bayan ƙoshiya, ya sarƙe da zaren ƙasa, ɗinki ɗaya ya ƙullu. Ɗagowar da allura za ta yi kafin ƙugiya ta iso ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba. In aka saɓa da kaɗan, keke ya dinga tsallake ɗinki ko tsinka zare ko karya allura, mai shi ya ce ya lalace. Dattijon nan ya daidaita shi da sukudireba ɗaya da idonsa. Ya sa sabon bel, ya ɗauko ƙyallen shadda ninki huɗu, ya taka. Wallahi ƙarar da na sani tun ina yaro ce ta dawo, ɗinki ya fito sumul sama da ƙasa. Abin da na kashe duka bai kai kuɗin ɗinkin kaftani biyu ba.

Ya nuna mini lambar da ke jikin keken, ya ce da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi. Singer ne, samfurin 15K. Harafin K ɗin na nufin Kilbowie, wato babbar masana'antar kamfanin da ke Clydebank a ƙasar Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Ke nan duk keken da ya fito daga can ya ba shekara arba'in baya, ga shi kuma yana ɗinki kamar jiya aka sauke shi. Tun 1879 aka fara ƙera kakan wannan samfuri, kuma saboda ingancin tsarinsa ne masana'antun Japan suka kwaikwaye shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, haka na Sin da na Indiya. Baƙin Butterfly ɗin nan na Shanghai da ke kusan kowane shagon tela a ƙasar Hausa a kan wannan tsari yake. Amfanin wannan gare mu babba ne: allura da ƙoshiya da gidan ƙoshiya da bel na irin waɗannan kekuna kusan duk suna shiga juna, kuma suna nan a kasuwa da araha. Ba za a ce an rasa kayan gyara ba. Mai gyaran ne muke gab da rasawa.

Na tambayi dattijon yaransa nawa. Ya ce babu ko ɗaya. Na ƙarshe da ya zauna da shi wata huɗu ya yi, ya tafi achaba. Ya ce, "In na kwanta dama, sai dai a kai Kano ko Katsina, wanda ba shi da kuɗin mota kuma ya kira ɗan gwangwan." Wannan magana ita ta hana ni barci. Ilimin da mutum ya tara cikin shekara hamsin zai bi shi kabari, a garin da ke kan babban titin Kano zuwa Katsina, kuma babu wanda abin ya dama.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne ba a rasa kuɗin kashewa a kan keken ɗinki ba. Wace shekara ce za ta wuce ba mu ji a rediyo an yi taron rabon kayan tallafi ba? A kafa rumfuna, a jera kwalaye, a tara mata tun hantsi cikin rana, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. Wadda aka ba ba a tambaye ta ko ta iya zura zare a allura ba. Wadda ta iya ɗinkin kuma, mai keke a ɗaki da ke neman gyaran da bai taka kara ya karya ba, ba ta san kowa ba, sunanta bai shiga takarda ba. Da idona na ga irin waɗannan kekuna a kasuwa ko kwalinsu ba a buɗe ba, ana cinikinsu a rabin kuɗi. Ban ga laifin matar da ta sayar ba, yunwa ce a gidanta, kuma ba a koya mata komai ba. Na kuma ga waɗanda aka buɗe aka fara aiki da su, kafin sallah ta zagayo sun fara tsallake, an tura su ƙarƙashin gado, domin wanda ya yi kwangilar mafi araha ya nemo, wanda ya raba kuma bai taɓa tunanin wa zai gyara ba. Duk wanda ya raba keke ɗari a ƙaramar hukumar da babu mai gyara, ya sani gwangwan ɗari ya tara wa masu baro, sai dai a jira lokaci. Wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, kuma wasa ne da hankalin talaka.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, yanzu zamanin keken lantarki ne mai gudu, da injin surfani mai aiki da kwamfuta. Ban ƙi ba. Tela mai babban shago a Katsina ko Kano da ke karɓar ɗinkin makarantu yana buƙatar keke mai gudu, Allah ya ƙara masa. Amma a gaya mini, da wace wutar za a yi wannan aiki a Ƙofa ko Yashe ko Mawashi? Mun manta watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta? Mun manta inda kuɗin fetur ya kai tun da aka cire tallafinsa a ranar 29 ga Mayu, 2023? Tela mai janareta yanzu kafin ya ci riba sai ya fara biyan gidan mai. A waɗancan kwanaki na duhu, wanda bai daina aiki ba shi ne mai keken takawa. Ƙafarsa ce injinsa, tuwon da ya ci shi ne mansa. A ƙauyen da wuta ke zuwa kamar baƙo, wannan keke shi ne fasahar da ta dace da wurin, kuma duk mai kiransa ci baya bai taɓa zama da ɗinkin mutane a hannu ana saura kwana biyu sallah ba.

Sannan a dubi matan aure. Yawancin matanmu a cikin gida suke sana'a. Keken takawa ba ya neman shago, ba ya neman mita, ba ya tashin jariri da hayaƙi. Mace ta ɗinka hijabi da kayan yara da zanen gado da rigunan makaranta, ta yi faci, ta rage wuyan riga, ta sami na sabulu da na cefane ba ta fita ko zaure ba. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Duk keken da aka fasa da guduma, an toshe wa wata mace wannan ƙofa ke nan.

Abin kunyar shi ne mu ba baƙin zare da allura ba ne. A farkon 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada ya shiga Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki a can shi ne tufafi: saƙa da rini da ɗinkin da ake yi a ƙasar nan ana kai su har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. A cikin wannan shekarar dai, a watan Agusta, Isaac Singer ya sami takardar mallakar fasahar kekensa a Amurka. Wato kafin keken ya iso mana mun riga mun tufatar da rabin Sahara da hannu. Da ya iso kuma kakanninmu ba su tsaya kallo ba, suka karɓe shi, suka koyi cikinsa da wajensa, har aka sami masu gyara a garuruwan da ba su taɓa ganin injiniya ba. Malamanmu suna ambaton Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da cewa shi ne farkon wanda ya yi ɗinki, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana gyara tufarsa da takalminsa da hannunsa. Daga ina muka koyo raina gyara?

Cutar nan ta daɗe tana cinmu, kuma ta ci abin da ya fi keke girma. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, audugar manomanmu ta sami masaya, dubban mutane suka sami aiki. A 2002 aka rufe Kaduna Textiles ɗin. Yau ka shiga Kantin Kwari ka duba yadin da ke jibge, ka tambaya nawa ne aka saƙa a ƙasar nan. Mun bar manyan injuna sun yi tsatsa muna kallo, yanzu mun juyo kan ƙananan da ke ɗakunan iyayenmu mata. Ɗinki shi ne gaɓa ta ƙarshe da ta rage a hannunmu cikin sarƙar da ta taso daga gonar auduga zuwa rigar da ke wuya. In muka sake ta, sai mu koma sayen ɗinkakku da gwanjo har abada.

Waɗanda suka ƙera kekunan kuwa ba su jefar da nasu ba. A Ingila akwai ƙungiyar agaji mai suna Tools for Self Reliance, wadda ta shafe fiye da shekara arba'in tana tattara tsofaffin kayan aiki, har da kekunan ɗinki na hannu da na takawa. 'Yan sa-kai, yawancinsu tsofaffin ma'aikata, su kwance su wanke su gyara, a aiko da su ƙasashe irin su Ghana da Saliyo da Uganda da Malawi da Zambiya don masu koyon sana'a. A Faransa tun 2015 doka ta mai da shi laifi kamfani ya ƙera kaya da gangan don ya yi saurin lalacewa. Mutanen da wuta ba ta ɗauke musu suna durƙusawa su goge tsatsar keken shekara saba'in su sa a jirgin ruwa zuwa Afirka, mu da muke cikin duhu muna fasa irinsa muna sayarwa da kilo. In wannan bai ɓata wa mutum rai ba, ban san abin da zai ɓata masa ba.

Ba na zagin 'yan gwangwan. Yaro ne ya fito neman halaliyarsa cikin rana, abin da aka miƙo masa shi yake aunawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon kuwa mu ne: magada masu gaggawar share ɗakin mamaci, da teloli masu ganin riƙe baƙin keke ƙasƙanci ne, da masu mulki da suka fi son abin da zai yi kyau a hoto, da mu 'yan boko da muke iya rubuta dogon bayani a kan sana'ar hannu amma ba mu taɓa tura ɗanmu ya zauna gaban mai gyara ba.

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Shugabannin ƙananan hukumomin Kankia da Kusada, da 'yan majalisarmu, kafin ku sake sayen keke ko ɗaya, ku nemo dattawan da suka rage masu wannan gyara. Ba su da yawa, dagatai da masu unguwanni sun san su. Ku ɗauki matasa biyu daga kowace mazaɓa, ku biya malamin, ku ba yaran na abinci har shekara guda, ku sallame su da akwatin kayan aiki. Ku sa mata a ciki, domin mace mai gyara za ta shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba, inda yawancin kekunan suke kwance. Kuɗin taron rabo ɗaya, da rumfunansa da lasifikarsa, zai ɗauki nauyin wannan.

Ƙungiyoyin teloli, ku sanar a kasuwanni cewa duk mai tsohon keke ya kawo muku kafin ya kai sikeli, ku ba shi fiye da kuɗin kilo. Wanda zai tashi a tashe shi, wanda ba zai tashi ba a cire kayan cikinsa a ajiye. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana, ga ta nan: ku fanshi keke, ku gyara, ku ba marainiya ko bazawarar da ta riga ta koyi ɗinki. Malamai masu rabon gado, in kun ga keke cikin kayan mamaci ku sa a yi masa kuɗi da darajarsa ta kayan sana'a, kada a lissafa shi cikin tarkace.

Ku kuma masu keke a ɗaki, abu kaɗan yake nema. Kada a zuba masa man gyaɗa ko baƙin man inji, man keke kawai. A rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu, a ɗaga shi daga ƙasa mai laima da damina. Ko ba a ɗinki da shi, a juya wilinsa lokaci-lokaci. Kada a wanke jikinsa da fetur ko omo, zanen zai tafi. In ya ƙi motsi kada a buga, kada a tilasta, a kai wa wanda ya sani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Keken Goggo yanzu yana Ƙofa, a ɗakin da ya fito. Ƙanwar yaron da ya sayar da shi ce take takawa, 'yar shekara goma sha shida, kuma da ƙaramar sallar da ta wuce ita ta ɗinka wa yaran gidan kayansu. Shi kuma yayan nata, da na ga nadamarsa ta gaskiya ce, na kama hannunsa na kai shi Kankia na ce, "Baba, ga ɗa na kawo maka." Dattijon ya dube shi ya miƙa masa sukudireba ya ce ya kwance farantin allura. Yau watansa bakwai a wurin. Yaro ɗaya ne, keke ɗaya ne, baro kuwa kullum yana zagaya unguwanninmu. Ka shiga ɗakin mahaifiyarka yau ka ɗaga zanen da ke lulluɓe a lungu, kafin wani ya riga ka.